Baka mai lanƙwasassun kunnuwa a laimar Legas: wane itace, wane gam, wace tsirkiya?

Wani mai karatu daga Agege ya rubuto yana cewa: "Ni kafinta ne, na daɗe ina aikin ƙofofi da kujeru, yanzu kuma ina sha'awar sassaƙa irin bakan nan da kunnuwansa biyu suka lanƙwashe zuwa gaba. Wani ya ce in sayo iroko ko maɗaci a kasuwar katako ta Mushin, wani ya ce sai na yi odar itace daga Amurka, na uku kuma ya ce baka na gaske shi ne na ƙaho da jijiyar dabba irin na Turkawa. Ina zan sa kuɗina?"

Malam, kafin ka fitar da ko kwabo, ka riƙe cewa itacen da ya yi suna a aikin ƙofa ba lallai ne ya yi baka ba, domin ƙofa ana son ta tsaya ƙyam, baka kuwa ana son ya tanƙwara sau dubbai ya kuma koma yadda yake. Idan maharbi ya ja tsirkiya, bayan baka, wato gefen da ke kallon abin harbi, miƙewa yake yi, cikinsa da ke kallon maharbi kuma matsewa yake yi. Lanƙwasa kunnuwa zuwa gaba na ƙara wa kibiya gudu, amma yana ƙara wa itacen wahala ta waɗannan fuskoki biyu, shi ya sa duk aibin da miƙaƙƙen baka zai iya yafewa, wannan ba ya yafe shi. Iroko da maɗaci jijiyarsu, wato layin da zaren itacen ke bi, sau da yawa a sarƙe take, tana karkata nan ta koma can, kuma daidai inda jijiya ta fita daga gefen katako nan ne baka ke tsagewa. Obeche kuwa ya yi sakayau da yawa, kada ma ka ɗauko shi.

Maganar odar itace tana da tushe, don Turawan Ingila da itacen yew suka yi dogon bakansu, mutanen Amurka kuma suna ji da osage da hickory. Sai dai hickory, wanda ya fi sauƙin samu, mashayin danshi ne, kuma a garin da laimar iska kan haura kashi 80 cikin ɗari a damina zai yi maka sanyin jiki bayan ka biya kuɗin jirgi da na kwastan. Na ƙaho da jijiya shi ne na fi jiye maka tsoro. Gwanintar Turkawa da Mongolawa ba abin musu ba ce, amma gam ɗin fata ko na kifi da ke riƙe ƙahon da jijiyar yana saki idan ya sha laima, busar da bakan kuma kan ci watanni. Har maharban Koriya, da suka gaji wannan sana'a, sukan ajiye nasu a akwati mai ɗumi a lokacin ruwa. A Kano ko Sakkwato, inda hunturu ke busar da komai, da na ce ka gwada wata rana. A Agege ba da shi za ka fara ba.

Shawarata ita ce ka sa gora a baya, ka sa itace mai nauyi da tauri a ciki, ka haɗa su da gam ɗin epoxy mai kwalba biyu, irin wanda ba ya saurin kamawa. Gora tana da ƙarfi ƙwarai wajen jure miƙewa, kuma ba sai ka ƙetare teku za ka same ta ba. Ka zaɓi ƙosasshiya, busasshiya, wadda ƙwaro bai huda ba, ka rage kaurinta ta ciki har ta kai kamar milimita 3, amma kada ka taɓa fatarta ta waje, kada kuma ka aske gaɓoɓinta don neman santsi, domin ƙarfinta a nan yake. Wajen zaɓen itacen ciki kuwa kada sunan katako ya rinjaye ka. Ka juya kowane falanki a hannunka, ka bi layin jijiyarsa da ido daga wannan kai zuwa wancan; in ya tafi sak babu ƙulli, shi ne naka, ko da sai ka ɗaga hamsin kafin ka samu ɗaya. Mai katako zai gaji da kai, ka ba shi haƙuri.

Abin da ya fi kayar da mutane a nan shi ne busarwa. Masu wannan aiki suna son danshin itace ya sauka zuwa kashi 8 zuwa 10 cikin ɗari, iskar Legas kuma ba za ta kai maka shi nan da kanta ba. Ka haɗa dogon akwati, ka sa ƙwan lantarki mai zafi a ciki, ka riƙa auna nauyin itacen kullum har ya daina raguwa. Ni kaina bakana na farko a watan Yuni na sassaƙa shi da itacen da na ɗauka ya bushe, kuma kafin sati biyu ya zauna a tanƙware, ya ƙi miƙewa ko an kwance tsirkiya.

Ina roƙonka ka fara da miƙaƙƙen baka mai tsawon inci 66, ka koyi daidaita lanƙwasa a kansa: ka ɗan ja, ka duba inda ya yi tauri, ka kankare cikin da wuƙa ko magagari kaɗan kaɗan, ba tare da ka taɓa baya ba, kuma ba tare da ka ja shi fiye da nauyin da kake nufi ba. In ka zo yin baka na biyu, mai lanƙwasassun kunnuwa, sai ka turara ƙarshen itacen cikin da tururin ruwa, kimanin awa ɗaya ga kowane inci na kauri, ka ɗaure shi a kan abin da ka sassaƙa da siffar lanƙwasar, ka bar shi ya bushe sarai kafin ka manna gora, don zafi yana lalata gam.

Wata uwa daga Idi-Araba ta tambaya ko ta sa a sassaƙa wa ɗanta mai shekara 14 baka, ko ta saya masa na kanti.

Hajiya, ki saya. Ki nemi irin wanda ake kwance hannuwansa biyu daga mariƙi, masu rufin faibagilas, domin laima ba ta cika damunsu ba, kuma idan yaron ya ƙara ƙarfi hannuwan kawai za ki sauya. Nauyin ja ana rubuta shi da laba a kan jan inci 28, kuma laba 18 zuwa 22 ta ishe shi. Baka mai nauyi shi ke lalata hannun mai koyo. Kibiyoyin su ɗara tsawon jansa da inci ɗaya ko biyu, don kada tsinin ya zame ya soki hannunsa. Amma kafin duk wannan ki tabbata akwai fili da babba mai lura, saboda ko wannan ƙaramin baka yana iya tura kibiya ta tsallake katanga, gidajenmu na Legas kuwa kin san yadda suke manne da juna.

Daga Obalende wani ya ce bakansa na itace ya rage ƙarfi tun shigowar damina, yana so ya sa masa igiyar nailan mai kauri.

Ɗan'uwa, laifin ba na tsirkiya ba ne, itacen ne ya sha danshi. Nailan miƙewa yake yi fiye da kima, zai ƙara rage maka gudun kibiya. Zaren Dacron, wani zaren roba mai ƙarfi da ba ya miƙewa kamar nailan, shi ya dace da bakan itace, ka riƙa goga masa kakin zuma. Ka kwance tsirkiya duk lokacin da ka gama harbi, ka kwantar da bakan a busasshen ɗaki nesa da ƙasa na 'yan makonni, ba cikin mota ko kusa da janareta ba, sannan ka sake shafa masa man da ke hana ruwa shiga katako, har cikin tsagar da tsirkiya ke zama. Idan za ka gwada ko ƙarfin ya dawo, ka ɗora kibiya tukuna, domin sakin tsirkiya babu kibiya yana iya tsaga bakan a hannunka.