Amsa ga mai tambaya kan gansakukar da ke rufe duwatsun akwatin kifi

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ka ce kana zaune a garin Garwa na arewacin Kamaru, akwatin kifinka na gilashi yana falo kusa da taga, kuma duk lokacin da ka fitar da duwatsun ado ka goge su, ba a yin mako biyu sai sun sake yin kore shar, har kana tunanin wanke su da omo ko tafasa su. Na daɗe ina kiwon kifin ado a Marwa, inda zafinmu bai bambanta da naku sosai ba, saboda haka ga abin da na gani.

Goga ba ta raba dutse da gansakuka, domin dutsen wurin zama kawai ta samu. Abin da ke raya ta haske ne da ƙazantar da ta narke a ruwa. Tagar da ka ambata ita ce babbar matsalarka. Ko awa ɗaya rana ta riƙa dukan gilashin kullum ta wadatar, balle a watannin Maris da Afrilu da zafin Garwa kan haura digiri 40, ruwan ya yi ɗumi, tsiron ya ƙara sauri. Ka mayar da akwatin jikin bangon da rana ba ta kaiwa, sannan ka taƙaita fitilarsa zuwa awa 6 ko 8 a yini. Da yawa cikinmu kan kunna ta tun asuba su bar ta har bayan isha'i saboda sha'awar kallo, alhali kifi ba ya bukatar hakan.

Sai batun abinci. Duk abin da kifi bai cinye ba cikin minti 2 zuwa 3 yakan nutse ya maƙale a ƙarƙashin duwatsu ya ruɓe, ya haɗu da kashin kifin, su zama sinadaran naitiret da fosfet, wato takin gansakuka. Ka ɗaga dutse guda ka duba, za ka ga wani baƙin gari mai laushi ya tashi ya gauraye ruwan. Maganinsa shi ne kowane mako ka zuƙe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan da siririn tiyo, kana bin gindin duwatsun da bakinsa, sannan ka zuba sabo. A nan ne mutanen yankinmu suke yawan ruɗewa: da yake zafi da iskar hunturu suna ƙafar da ruwa da sauri, sai mutum ya riƙa cikowa yana ganin ya canja ruwa ke nan. Ruwa ne kaɗai ke tashi, ƙazantar tana nan tana ƙara kauri. Idan ruwan famfo ne, ka bar shi ya kwana a buɗaɗɗen bokiti ko ka sa masa maganin kashe kulorin kafin ka zuba.

Ka kuma lura da irin wadda ta kama maka. Mai launin ƙasa-ƙasa da ke fita da shafar yatsa takan zo ne a sabon akwati, kuma yawanci takan tafi da kanta cikin 'yan makonni. Mai ɗigo-ɗigon kore masu tauri alamar yawan haske ce. Idan kuwa ka ga wata mai santsi, shuɗi-shuɗi, tana ɓarewa kamar fata tana wari, wannan ƙwayoyin bakteriya ne; a kwashe ta, a lulluɓe akwatin da bargo kwana 3 ko 4 ba haske ko kaɗan, amma injin iska yana aiki.

Game da wankin kansa, ka manta da omo da sabulu, domin ragowarsu na ɓoyewa a ramukan dutse ya lahanta kifi. Tafasawa ma ban ba ka shawararta ba, tunda dutse mai kofofi yana iya tsagewa a kan wuta. Tsohon buroshin haƙori da ruwan da ka zuƙo daga akwatin sun isa a mafi yawan lokuta. Idan ta yi taurin kai, musamman baƙar nan mai kama da gemu, ka haɗa kofi 1 na jabel (wato bilic, ruwan faranta tufafi) marar turare da kofi 19 na ruwa, ka jiƙa dutsen minti 10 zuwa 15, ka ɗauraye shi sosai, ka shanya shi a rana har ya bushe ƙarau kuma hancinka bai ji ko ɓurɓushin warin ba. Kada ka yi wa dukan duwatsun haka rana ɗaya, kada kuma ka haɗa da wankin sosan matacin ruwa, saboda a jikinsu ne ƙwayoyin da ke sarrafa gubar kashin kifi suke zaune. Rabi yau, rabi bayan mako biyu.

Idan daga bakin Binuwai ko gefen hanya kake tsinto duwatsunka, ka ɗiga wa kowanne ruwan binega. Wanda ya yi kumfa dutsen farar ƙasa ne, irin wanda ya yawaita wajen Figil inda ake haƙarsa don siminti, kuma yana narkewa a hankali ya sauya yanayin ruwan. Ni na fi son dutse mai sulɓi da duhun launi, domin ya fi sauƙin goga kuma ɗan koren da ya hau shi ba ya muni.

Za a ce maka ka sa katantanwa ta cinye gansakukar. Kada ka ɗebo ta daga kogi ko kududdufi, domin wasu ƙananan katantanwar ruwanmu ne ke ɗauke da tsutsar tsargiya, kuma hannunka na shiga ruwan nan kowane mako. Kifin nan mai tsotsar gilashi da masu sayarwa ke kira pleko yana taimakawa yana ƙarami, amma yakan wuce santimita 30, kashinsa ya yi yawa. Idan ka samu ɗan'uwansa Ancistrus, wanda ba ya wuce santimita 15, shi ya fi dacewa da akwatin falo.