Majalisarmu ta Edinbara ba irin ta Gusau ba ce

Ƙanena saƙonka ya shigo ina bakin aiki shi ya sa sai yanzu. Ka ce wai mu Hausawan Gilasgo, a yankin Sikotlan na Birtaniya, wa ke mulkinmu tunda ka ji muna da majalisa biyu. Eh biyu ne, amma kar ka haɗa da dattawa da wakilai na Abuja. Akwai ta Landan mai kujera 650, Sikotlan na tura mutum 57 can, sai tamu ta Edinbara, babban birnin Sikotlan, mai mutum 129 da aka buɗe a 1999 bayan jama'a sun kaɗa ƙuri'ar amincewa a 1997.

Na san za ka ce ai kamar tamu ta Gusau ce mai mutum 24, to ba haka ba ne. Asibiti, makaranta, kotu, gidan yari har 'yan sanda duk a hannun Edinbara suke, Landan ta riƙe soja da fasfo da biza da hulɗa da ƙasashen waje. Maganar 'yan sandan nan ita ta fi tsaya min a rai, ɗan sandan da ke sintiri a unguwarmu Edinbara ke yanka mai kasafi kuma in an samu sakaci minista a nan ake titsiyewa da tambayoyi, wallahi duk ranar da kuka kira ni kuka ce an sake shiga wani ƙauye wajen Tsafe ko Maru sai na tuna kwamishinan 'yan sandanmu daga Abuja yake karɓar umarni, abin na ci min rai sosai.

Shi ya sa in baƙo ya sauka, bayan an nuna mai masallaci da shagon naman halal, abu na gaba da muke koya mai shi ne ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Ni kaina na taɓa ɓata, na kwashi takardun bizar surukata na kai wa 'yar majalisar Edinbara, na same ta a laburaren unguwa zaune kan kujerar roba ba ɗan sanda ba 'yan rakiya, ta saurare ni tsaf sannan ta ce wannan na Landan ne, ta rubuta min lambar ofishin ɗan majalisarmu na Landan da hannunta.

Zaɓen majalisar Edinbara kuwa muna yi ko ba fasfon Birtaniya in dai zamanka na kan ƙa'ida. Takarda biyu ake miƙo maka, ɗaya ka zaɓi mutum ɗaya ka zaɓi jam'iyya, kujeru 73 na mazaɓu 56 na shiyya, kuma ɗan shekara 16 ma yana yi, 'yata tana sakandare muka je tare. A wannan majalisar Humza Yousaf, Musulmi, ya zama shugaban gwamnati a 2023.

Inda kanmu ya rabu shi ne 2014 da aka tambaya ko Sikotlan ta ɓalle daga Birtaniya. Samarinmu da yawa sun so, dattawan da suka ga yaƙin basasa suna yara suka ce su ba su ga abin so a rabuwa ba, an sha musu har a wajen walimar suna. Kashi 55 cikin ɗari suka ce a zauna, amma har yau in an haɗu shan ruwa da azumi sai wani ya tayar da ita.

Ka gaida Inna da yara.