Jinja lili ta ƙi fure, bakin ganye sai ƙonewa

Wa'alaikumus salam Hajiya. Kin ce shekara biyu ke nan jinja lilinki, wato shukar furen nan mai ƙamshi, tana tukunya, bakin ganyen na bushewa kina yanke karan, fure kuwa ko ɗaya. To, yankan nan shi ya hana ki fure. A ƙolin kara kaɗai take fure, kuma sai karan ya kai kamar mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Idan ganye ya ƙone, sa almakashi ki datse busasshen bakin kawai, ki bar karan. Sai ya gama fure za ki sare shi daga gindi, don kara ɗaya ba ya maimaitawa.

Ƙonewar kuwa ƙishi ne. 'Yar'uwar citta ce, asalinta dausayin gindin tsaunukan Himalaya, ba ta san zafin bazararmu ba. Ki mayar da ita inda za ta sha hantsi, inuwa ta rufe ta daga azahar. Kusa da wurin alwala ya fi ko'ina, amma ban da ruwan wanki, sabulu na lalata saiwa.

Tukunyar ma ina zargin ta yi mata kaɗan. Saiwar gefe take tafiya, gaɓa-gaɓa kamar citta, tana cikawa sai ta tsaya. Da farkon damina ki zazzage ta, ki raba yadda kowane yanki zai samu ido biyu ko uku, ki binne zurfin santimita 5 idon na kallon sama. Faɗin tukunya kada ya gaza santimita 45, da huda a ƙasa. Ƙasar lambu kashi biyu, ruɓaɓɓen takin shanu kashi ɗaya, yashi kashi ɗaya. Ɗanyen taki ƙona ta zai yi. Ki rufe saman da ɓuntun shinkafa kaurin yatsu uku.

Ban ruwa safe da yamma a Maris zuwa Mayu. Da hunturu ki rage, sai kin tura yatsa kin ji saman ya fara bushewa, don lokacin girmanta ya ja baya, ruwa ya kwanta saiwa ta ruɓe.

Takin zamani NPK 15-15-15 cokalin shayi biyu duk wata a damina, nesa da gindi. Ki bar yuriya, ganye kawai za ta tara miki.

Furen fari ne tas, yakan fito wajen Agusta zuwa Oktoba. Kowanne kwana ɗaya ko biyu yake yi, wani ya biyo, ƙamshin kuma bayan magariba ya fi tashi, saboda haka a lokacin ki ajiye ta kusa da taga.