Gyaran dokar lafiya a Amurka: ina makomar mai son zama likita?

Tambaya: Likita, tunda dokar 2010, wadda ake kira Obamacare, ta sa miliyoyin mutane sun samu inshora, shin shiga makarantar likitanci ya yi sauƙi?

Amsa: Gurabe sun ƙaru, amma ba dokar ce ta soma ba. Tun 2006 ƙungiyar makarantun likitanci, AAMC, ta nemi a ƙara ɗalibai da kashi 30 cikin ɗari. Sai dai masu nema ma sun ƙaru, gasa na nan daram. Jarrabawar shiga, MCAT, ta ƙara tsawo a 2015, aka saka mata halayyar ɗan Adam da zamantakewa.

Tambaya: Ɗana na ajin ƙarshe, amma kullum maganarsa fargabar rasa gurbin horo. Ba ya riga ya zama likita ba?

Amsa: Hajiya, yana da gaskiya, nan gizo ke saƙar. Digiri kaɗai ba ya ba da lasisi sai an yi horo a asibitin koyarwa, cikakken horon ƙwarewa kuwa shekara uku ne zuwa bakwai. Shirin Medicare, inshorar lafiyar tsofaffi ta gwamnatin tarayya, shi ke biyan kaso mafi tsoka na kuɗin horon, kuma wata dokar 1997 ta ƙayyade yawan guraben da zai biya wa kowane asibiti. Dokar 2010 ba ta ɗage wannan ba, guraben da ba a cike ba kawai ta sake rabawa. A Disambar 2020 aka amince da ƙarin gurabe 1,000, a raba 200 duk shekara. Asibitin da ya wuce ƙa'ida daga aljihunsa yake biya. Ki ce masa kada ya rataya komai a fanni ɗaya mai zafin gasa, kamar fata ko tiyatar ƙashi.

Tambaya: A wajen Amurka na yi karatu. Da sauran hanya?

Amsa: Akwai. Ka nemi shaidar ECFMG, hukumar da ke tantance likitocin da suka yi karatu a wajen Amurka, ka ci jarrabawar USMLE ta neman lasisi, wadda ake yi mataki-mataki. Tun Janairun 2022 matakin farko ba ya nuna maki, ci ko faɗuwa ne kawai, don haka ka zuba ƙarfinka a mataki na biyu. Bizar J-1, wadda ake ba masu zuwa horo, na tilasta komawa gida shekara biyu bayan horo, sai fa in ka samu sassauci, misali na shirin Conrad 30: kowace jiha likita 30 a shekara, da sharaɗin aikin shekara uku inda ake ƙarancin likitoci.

Tambaya: Gyaran ya ƙara wa likitan iyali kuɗi?

Amsa: Na ɗan lokaci. Ƙarin kashi 10 da Medicare ya yi musu daga 2011 ya ƙare a 2015, kuma har yanzu likitan tiyata ya fi su samu nesa ba kusa ba.