Kan baƙar fata a tambarin Mittenwald

Ƙanena, na ga saƙonka, kuma ina taya ka murnar samun gurbin karatu a birnin Munik na ƙasar Jamus. Ka ce ka ga hoton tambarin wani ƙaramin gari mai suna Mittenwald, da kan baƙar fata a tsakiyarsa, har gabanka ya faɗi, kana tambaya ko alamar bauta ce ko ta ƙyamar irinmu.

Garin yana gindin duwatsun Karwendel, dab da iyakar Ostiriya, tafiyar kusan awa biyu a jirgin ƙasa daga Munik. Sunansa na nufin tsakiyar daji, shi ya sa aka zana korayen itatuwa uku a tambarin. Kan kuwa na iyayen gijin garin ne na da, wato bishop-bishop na Freising, wani gari kusa da Munik, waɗanda suka haɗa limanci da sarauta, suka riƙe wannan yanki tun ƙarshen ƙarni na 13 har zuwa farkon ƙarni na 19. A 1407 ɗaya daga cikinsu ya ba Mittenwald tambari, ya sa alamar sarautar Freising a ciki, kamar yadda mai dabba yake yi wa dabbarsa shaida. Saboda haka za ka sake ganin kan a tambarin Ismaning, wani garin da shi ma suka riƙe a da, har ma a tambarin Fafaroma Benedict na 16, wanda ya taɓa zama babban bishop na Munik da Freising.

Masana sun saɓa a kan wanda aka zana. Wasu sun ce waliyyi Mauritius ne, sojan Rum mutumin Masar, wasu kuma sun ce wani Bahabashe ne, ma'ajin sarauniyar Habasha, da aka ambata a littafin Kiristoci. Abin da ya fi jan hankalina shi ne, a Freising kan yana sanye da jan kambi, kuma ba a naɗa wa bawa kambi.

Duk da haka ba zan ɓoye maka ba, ranar da na fara tsayawa gaban irin wannan zane, na ga yadda aka kumbura leɓɓan, sai da raina ya sosu, kuma akwai Jamusawa da baƙaƙen fata da suke neman a sauya irin waɗannan tambura. Ina ganin suna da hujja a kan yadda ake zana fuskar, ko da asalin alamar ba wulaƙanci ba ne. Kada wannan ya hana ka zuwa. Idan ka iso, mu je Mittenwald tare ka gani da idonka.