Na'urar auna tsayi don motar hawan Mambila

Malam, ka ce kana bin hanyar Gembu, garin da ke saman tsaunin Mambila, wacce za ka saya, mai auna nauyin iska ko mai GPS? Nemi wadda ta haɗa biyun. Mai kaiwa mita 3,000 ta wadatar, tunda Chappal Waddi, dutse mafi tsayi a Najeriya, ma mita 2,419 ne.

Mai iska tana nuna hawa nan take, amma hadari yakan ruɗa ta: milibar 1 (ma'aunin nauyin iska) ta canza, sai ta yi kuskuren mita 8 zuwa 10 ko da motar na tsaye. Don haka lallai ta kasance da wurin saiti, ka daidaita ta kowace safiya inda ka san tsayin wurin. Kada ka kafa ta bakin AC.

GPS kuwa cikin kwazazzabo yake ɗaukewa.