Fita da abokai a Jamus ba tare da an saɓa wa addini ba

Ɗan'uwa, ka tambayi yadda za ka riƙa fita da abokan karatunka a Jamus ba tare da ka saɓa wa addini ko ka ƙarar da guzirinka ba. A can idan an ci abinci kowa kansa yake biya wa, saboda haka kada ka ɗauki nauyin jama'a kamar yadda muka saba a titin Gidan Zoo na Kano. Tun ranar farko ka sanar da su ba ka shan giya. Ni da na yi haka sun mutunta ni, kuma ranar da na dafa musu garau-garau har ƙanzon tukunya suka kankare. Kuskure ne ka maƙale wa 'yan Najeriya kaɗai. Ka haddace lambar gaggawa, 112, sannan idan za ku fita yawo zuwa wata ƙasa, kafin ku tsallaka iyaka ka tambayi ofishin kula da ɗaliban ƙasashen waje na makarantarku ko bizarka ta ba ka damar hakan.